Awo

Shekara talatin da ɗaya ina ɗora ƙarfe a sikeli
a bayan layin dogo na Agege:
mataccen inji, ƙafar gado, rodin da aka zaro daga rusau.
Kafin allurar sikeli ta tsaya na san kilon.
Hannuna ba ya cuta, ba a kuma cutarsa.
Yau ga ni da takarda guda, ba ta kai ganyen goro nauyi ba,
na rasa inda zan ɗora ta.

Likita Adekanmbi ta juya bayan fayil ta zana min:
ga mafitsara, ga wani ɗan abu a ƙarƙashinta
kamar ƙwayar daushe.
Nan, in ji ta, daji ya yada zango.
Bai tsallake katanga ba tukuna.
Ta faɗi tukuna da Turanci, Sagir ya maimaita da Hausa,
muryarsa ta karye a tsakiya.

A yanka a cire, in ji ta, a huta da shi.
Sai dai famfo kan ƙi rufuwa bayan nan,
wata shida, shekara, wani ma shi ke nan.
Ni da nake riƙe alwalar azahar har magariba,
ni zan tsaya sahun gaba da tsumma a wando?
Liman ya ce akwai rangwame ga mai lalura, littafi ya faɗa.
Na yarda da littafin.
Hancin maƙwabcina na sahu nake ji.

Ko gashi. Inji ya haska wurin, ba wuƙa ba jini,
amma kullum, kullum, har mako bakwai,
daga Agege zuwa Idi-Araba cikin danfo,
mutumin da fitsari ke sauke shi tun a Oshodi.
Da wata allura tare, mai kashe wutar namiji
don kada dajin ya sami wurin jin ɗumi.
A nan Sagir ya daina fassara, ya duƙa yana duba takalminsa.
Na gane ba sai da shi ba.

Ko a zauna a sa masa ido, a ɗebi jini duk wata uku.
Kwana ɗaki ɗaya da maciji, kana auna tsawonsa.
Ta ce wani ba ya sara har mai ɗakin ya tafi da kansa,
amma nawa ba za ta rantse a kansa ba.

Kowa ya kawo nasa dutsen awon.
Yayana daga Gumel: taho gida, akwai mai sassaƙe.
Mai lasifika a ƙarƙashin gada: kwalba uku, an gama.
Sagir ya buga lissafi a waya, ya goge, ya sake bugawa,
bai ambaci filinmu na Mowe ba, ni ma ban ambata ba.

Tabawa ba ta tanka ba sai da aka ɗauke wuta.
Janareton maƙwabta na ruri, tana min fifita da kwali:
"Abin da kake kunyar faɗa na ji shi.
Na ci rabona, na gode.
Mutum nake so a tabarmar nan, ko da tsummansa.
Wanki kuwa ba yau na fara ba."
Na yi dariya har mara ta matsa,
na lalubi buta, karo na huɗu.

Alhamis zan koma.
Na rubuta da ajami a bayan rasit:
mutum nawa ta yanka, nawa suka bushe?
In inji ya tsaya a mako na uku fa?
In na jira zuwa bayan azumi, me zan biya?

Da safe wani yaro ya turo baro cike da tagulla.
Na ɗora, allura ta kama rawa.
Ya ce, Baba, faɗi mana, ai ka sani.
Na ce, bari dai ta tsaya.